Ɗalibi Ya Riƙi Karatunsa da Kansa: Me Ake Nufi, Kuma Ina Aka Bar Malami?

A 'yan shekarun nan, da wuya malamin firamare ko na sakandare ya je bita a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Bauci ya dawo ba a gaya masa cewa lokacin da malami zai tsaya gaban allo yana ta zuba bayani, yara sun yi tsit, ya wuce ba. Yanzu, in ji masu bitar, ɗalibi ne zai riƙi ragamar karatunsa. Maganar ta fito daga ɗakunan bita ta shiga gari, kowa kuma ya ɗauke ta yadda ya ji ta. Wasu iyaye na ganin wata sabuwar dabara ce ta malamai su huta, su bar yara suna surutu da sunan aikin rukuni. Wasu malamai na ganin ƙofa ce ta raini, tunda yaron da aka ce ya tambaya yau, gobe gardama zai yi. Wasu jami'an ilimi kuwa sun ɗauka da zarar an yi bitar kwana uku an raba takardar shaida, aiki ya kammala. Duka ukun akwai abin da suka gani, akwai kuma abin da ya ɓace musu.

Ma'anar kalmomin

Idan aka ce ɗalibi ya mallaki karatunsa, ana nufin abubuwa ne da za a iya gani da ido a cikin aji. Yaro ya san abin da ake so ya iya a ƙarshen darasi ko ƙarshen mako. Ya san inda ya tsaya yanzu, abin da ya iya da wanda bai iya ba. Yana da hanyar da zai bi idan ya kakare: ya sake dubawa, ya tambayi na kusa da shi, ko ya ɗaga hannu ya tambayi malami ba tare da fargabar bulala ko dariya ba. Sannan yana jin cewa idan bai iya ba, shi abin ya shafa kafin kowa. Babu inda ma'anar ta ce yaro ne zai zaɓi manhaja, wato jerin darussan da hukuma ta tsara a koyar a kowane aji, balle a ce malami ya koma gefe ya harɗe hannu.

Tallafa wa malami kuma ya wuce albashi, ko da yake da albashin ake farawa. Ya haɗa da kayan aiki irin su alli, littafin malami da littattafan yara, da yawan ɗalibai daidai abin da mutum ɗaya zai iya kulawa da shi, da lokacin shirya darasi, da wani gogagge da zai riƙa shigowa aji yana kallo yana gyara masa cikin mutunci. Bita, wato taron ƙara wa juna sani na 'yan kwanaki, ɓangare ne kaɗan daga ciki.

Asalin ra'ayin

A ilimin boko, galibi ana danganta wannan tunani da John Dewey na Amurka, wanda littafinsa na 1916 kan dimokuraɗiyya da ilimi ya nace cewa yaro na koyo ne ta hanyar yin abu da tunani a kansa. Daga baya Paulo Freire na Burazil, a ƙarshen shekarun 1960, ya soki irin koyarwar da malami ke ɗaukar kan ɗalibi tamkar asusun da ake zuba wa ajiya, sai ranar jarrabawa a zo a cira. Daga shekarun 1990 hukumomin ƙasa da ƙasa masu ba da tallafin ilimi suka rungumi ra'ayin, suka shigo da shi ƙasashen Afirka cikin shirye-shiryensu. Namibiya ta sa shi a tsakiyar gyaran iliminta bayan samun 'yanci a 1990. A Nijeriya ma Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka yi ta sabuntawa, ta daɗe tana cewa koyarwa a firamare ta zama ta aiki da hannu da bincike da gwaji.

Sai dai kuskure ne Bahaushe ya ɗauka cewa baƙon abu ne gaba ɗaya. A makarantar allo kowane yaro da allonsa, da inda karatunsa ya tsaya. Ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ya ji ya zauna, ba kuma a yi masa ƙari don na kusa da shi ya samu ƙari. Yara ashirin na zaune a tabarma ɗaya, kowa da surar da yake kai, kuma kowa ya san tsakaninsa da sauka saura nawa. Gardi na taimaka wa kolo. A makarantun zaure abin ya fi haka fitowa: magidanci ne zai zaɓi littafin da zai karanta, ya zaɓi malamin da zai je wurinsa, ya yi muɗala'a da dare kafin ya zo da safe, in ya sauke wannan littafi ya ɗauki wani, wani lokaci ma ya yi tattaki zuwa wani gari don malamin da ya fi ƙwarewa a fannin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi guda yana lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a hannun kowanne. Nana Asma'u kuwa ta horar da mata jagorori da ake kira jaji, waɗanda ke ɗaukar karatu su kai wa mata a ƙauyuka, tsarin da aka sani da 'Yan Taru.

Abin lura a nan shi ne, a duk waɗannan misalai girman malami bai ragu da ƙwayar zarra ba. Ɗalibi na riƙe da karatunsa, malam kuma na riƙe da ma'aunin da ke cewa karatu ya zauna ko bai zauna ba. Wannan ba ya nufin makarantar allo ba ta da nata matsaloli. Dukan da ya wuce kima da hadda ba tare da sanin ma'ana ba abubuwa ne da malaman kansu ke magana a kai. Amma fargabar cewa yaro mai kula da karatunsa zai raina malaminsa, tarihin karatu a ƙasar Hausa bai goyi bayanta ba.

Me ya sa abin ke tsayawa a bakin ƙofar aji?

Dalili na farko shi ne cunkoso. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a unguwannin Kano masu cunkoso ya san cewa aji mai ninkin wannan adadi, ko ninki uku, ba abin mamaki ba ne, yara da yawa a zaune a ƙasa. A irin wannan aji, in malami ya ce a kasu rukuni-rukuni, kafin a gama matsawa rabin lokacin darasi ya tafi, kuma shi kansa ba shi da hanyar ratsawa ya ga abin da na baya ke yi.

Na biyu ya fi na farko nauyi, ko da yake ba a cika ambatonsa ba: yara da yawa ba su iya karatu ba. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 89 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba, in aka miƙa masa littafi aka ce ya bincika da kansa, an bar shi ne a duhu. Harshe na ƙara dagula lamarin. Yaron da ke tunani da Hausa, aka tilasta masa ya yi tambaya da Turancin da bai mallaka ba, shiru zai yi, malami kuma ya rubuta cewa ba ya ƙoƙari.

Sai jarrabawa. Muddin abin da za a tambaya a ƙarshen zango shi ne a maido da abin da aka kwafa daga allo kalma da kalma, malami da ɗalibi duka za su koma ga kwafa da hadda, domin nan ne maki yake. Akwai kuma tarbiyya: an koya wa yaro a gida cewa ba a haɗa ido da babba, ba a katse shi, ba a yawan tambayarsa. Tarbiyya ce mai kyau a muhallinta, amma tana buƙatar malami ya fito fili ya nuna wa yara cewa tambaya a kan darasi ba rashin kunya ba ce, musamman ga 'yan mata, waɗanda shirun ya fi kamawa a ajin da aka haɗa su da maza.

Ra'ayoyi biyu da ke karo

Masu goyon bayan a sakar wa ɗalibi mara suna cewa abin da yaro ya gano da kansa ya fi zama a kansa, kuma duniyar yau na buƙatar mai iya neman ilimi bayan ya bar makaranta. Suna kafa hujja da irin tsarin Escuela Nueva, wato Sabuwar Makaranta, da aka fara a ƙauyukan Kolombiya a tsakiyar shekarun 1970, inda malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa da yawa, yara na bin littattafan jagora kowa da saurinsa, suna taimakon juna.

Ɗaya ɓangaren na cewa a yi hattara. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun wallafa maƙala da ta yi tashe, suna cewa mai fara koyon abu yana buƙatar bayani kai tsaye da misalai da aka warware a gabansa, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya riƙe sabbin abubuwa da yawa a lokaci ɗaya. Sakin ɗalibi ya yi lalube yana amfanar wanda ya riga ya san wani abu ne. Masu wannan ra'ayi sukan kuma nuna Afirka ta Kudu, wadda a ƙarshen shekarun 1990 ta kawo manhajar da ta bar wa malamai da ɗalibai 'yanci mai faɗi ba tare da fayyace abin da za a koyar ba. Makarantun masu hali sun iya da ita, na talakawa suka ruɗe, har daga 2012 aka maye gurbinta da manhaja mai fayyace darasi mako-mako. Michele Schweisfurth, wadda ta bi diddigin nazarce-nazarce 72 kan wannan salo a ƙasashe masu tasowa a 2011, ta tarar labarin kusan iri ɗaya ne: takarda na faɗin abu ɗaya, aji na yin wani.

In aka duba da kyau, saɓanin ya fi karkata ga lokaci da mataki. Tela ba ya miƙa wa sabon yaron shago almakashi da shadda a ranar farko. Zai fara da guga da sa maɓalli, ya kalli yadda ake yanka, ya gwada a ƙyalle, har ranar da maigida zai fita ya bar masa shagon. Burin tun farko shi ne yaron ya tsaya da ƙafarsa, amma hanyar ta bi ta hannun maigida. A ra'ayin wannan sharhi, masu cewa a fara da koyarwa kai tsaye sun fi gaskiya game da ƙananan azuzuwanmu, masu cewa a saki ɗalibi kuma sun fi gaskiya game da inda ya kamata a dosa.

Akwai shirye-shiryen da suka haɗa biyun. Tsarin koyarwa daidai matakin yaro, wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi, yana farawa ne da auna kowane yaro shi kaɗai: ya iya baƙaƙe, ko kalma, ko sakin layi, ko labari? Sai a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba, a ware awa ɗaya ko biyu a rana, a riƙa sake aunawa ana ciyar da wanda ya iya gaba. An gwada shi a Borno, an kuma gwada shi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano. Malami ne ke jan darasin, amma yaro ya san matakinsa ya kuma san na gaba, kamar dai mai allo. Haka shirin Mu Karanta a Bauci da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, suka ba malamai littafin jagora da yara littafin karatu da Hausa, don yaro ya samu mabuɗin farko.

Malamin da ake nema ya yi wannan aiki

Nan ne maganar ta fi ciwo. Koyarwar da ke sa yaro ya riƙi karatunsa ta fi ta kwafa a allo wahala nesa ba kusa ba. Dole malami ya san darasinsa sosai, domin yaron da aka ba damar tambaya zai tambayi abin da babu a littafi. Dole ya iya jefa tambayar da ke tono inda yaro ya ɓata, ya duba aiki ya rubuta gyara mai amfani maimakon jan layi da jan biro kawai. Binciken Paul Black da Dylan Wiliam na 1998 a Ingila ya nuna cewa irin wannan auna fahimta ta yau da kullum, da gaya wa ɗalibi takamaiman abin da zai gyara, na cikin abubuwan da suka fi ɗaga karatu, musamman ga masu rauni. Duk wannan na cin lokaci da natsuwa.

Koyarwa ta taɓa zama aikin alfahari a Arewa. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, kuma dukansu sun riƙi alli kafin siyasa. Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Da aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika makarantu fiye da yadda aka tanada, aka ɗebi malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da su suna bakin aiki. Tun daga nan ake bin giɓin da gudu. Yau takardar NCE ta kwalejin ilimi ce mafi ƙarancin shaidar shiga aikin, akwai kuma hukumar rajistar malamai ta TRCN da aka kafa a 1993, amma kowa ya san cewa da yawa na shiga kwalejin ilimi ne bayan sauran ƙofofi sun rufe.

Abin da ya faru a Kaduna a 2017 ya raba kan jama'a har yau. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT kuma ta shiga yajin aiki a farkon 2018. A 2022 an sake sallamar wasu 2,357. Masu goyon baya sun ce ba adalci ba ne a bar 'ya'yan talakawa a hannun wanda bai iya abin da yake koyarwa ba, kuma wannan magana ce mai ƙarfi. Masu suka sun tambayi wa ya ɗauke su aiki tun farko, wa ya bar su shekaru babu horo, kuma wa zai tsaya a ajin kafin sababbi su goge. Abin da za a iya ɗauka daga ɓangarorin biyu shi ne, jarrabawa na iya nuna ciwo, amma sabon malamin da aka jefa cikin aji ɗaya, da cunkoso ɗaya, babu mai duba shi, zai iya komawa inda na da ya tsaya.

Game da walwala, a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 na aiki, sai dai aiwatarwa na hannun jihohi, kuma ba tafiya ɗaya suke yi ba. Albashin malaman firamare na fitowa ne daga kason ƙananan hukumomi, shi ya sa jinkirin biya da riƙe ƙarin girma suka fi kama su. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe watanni suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Malamin da ke tunanin acaɓar da zai yi bayan an tashi ba zai zauna duba littattafai tamanin ba.

Sai batun horo. Irin bitar da aka saba, inda ake horar da 'yan kaɗan a babban birni su horar da wasu, su ma su horar da wasu, tana isa ƙauye ne ta tsiyaye. Abin ban dariya ma, sau da yawa ana koyar da yadda za a daina dogon jawabi ne ta hanyar dogon jawabi. Kenya ta bi wata hanya a shirinta na Tusome daga 2015: kowane malami da littafin darasi, kowane yaro da littafinsa, sannan jami'an tallafi na zagayawa aji-aji suna kallon darasi suna ba da shawara nan take, kuma karatun yara ya ɗagu. A gida ma akwai shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara da haɗin gwiwar Japan a 2006 a jihohin Kaduna, Neja da Filato, inda malamai ke shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, sannan a zauna a gyara. Wannan ba ya buƙatar otal ko alawus mai yawa. Hedimasta mai himma da awa ɗaya a mako na iya fara shi.

Abin da zai iya biyo baya

In aka ci gaba da tura salon ba tare da gyara halin malami ba, abin da ya fi yiwuwa shi ne kwaikwayo: ranar da sufeto zai zo a jera benci a da'ira, a manna hotuna a bango, washegari a koma gidan jiya. Mafi muni, tazara za ta ƙaru, domin ɗan gidan da ake da littafi da mai duba masa aikin gida zai iya tafiya shi kaɗai, ɗan gidan da babu kuwa a bar shi a baya da sunan 'yanci. Wayar hannu da intanet ba za su cike wannan rami ba ga yaron da bai iya karanta abin da ke kan gilashin wayar ba.

In kuwa aka bi abin daki-daki, akwai matakan da ko aji mai cunkoso zai iya ɗauka. Malami ya faɗi abin da za a iya a ƙarshen darasi da harshen da yara ke ji. Bayan ya yi bayani ya warware misali, ya ba su minti biyu kowa ya bayyana wa na kusa da shi. Yara su musanya littafi su duba wa juna bisa amsar da ke allo, kowa ya gyara nasa da hannunsa. A bar kuskure ya zama abin gyara, a ajiye bulala don kada tambaya ta mutu. Wanda ya iya ya zauna kusa da wanda bai iya ba, aikin da monita ya kamata ya riƙa yi maimakon rubuta sunan masu surutu.

Jihar Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wasu jihohin ma na ware kaso mai tsoka a kasafinsu. Kira ga gwamnatoci da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, shi ne kada kuɗin ya ƙare a fenti da katanga: a biya malamai a kan lokaci, a ɗauki ƙari don rage cunkoso, a sa littafi a hannun kowane yaro, a mayar da masu duba makarantu masu taimako a cikin aji. Iyaye da kwamitocin kula da makarantu kuma, idan yaro ya dawo gida, a daina tsayawa ga tambayar ko malam ya zo; a ce ya buɗe littafinsa ya nuna abin da ya iya yau da abin da ya rage masa.